Na Kwantar Da Tanko Yana Kallon Gabas

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Daga mahaifinka Audu mai shibriyya, mai ɗaukar alhazai a gado su yi ɗawafi, a unguwar Jarwal cikin Makka, zuwa ga autana Haruna. Gaisuwa mai tarin yawa da sa albarka. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya kwantar maka da teku, Ya sa ƙafarka ta taka ƙasar iyayenka lafiya. Innarka tana gaishe ka. Ta ce in faɗa maka dabinon da ke cikin jan ƙyalle na Alhaji Tanko ne, ba naka ba, don ta san halinka.

Na ce kada ka buɗe takardar nan sai jirgin ruwa ya bar Jidda. In ka buɗe ta tun a mota, to ka yi abin da ka saba, Allah Ya shirye ka.

Kai Haruna, murna ta hana ni zama wuri ɗaya! Jiya sau uku ina zuwa bakin Harami ina dawowa ba tare da na ɗauki kowa ba, sai dai in tare mutane ina ce musu ɗana zai tafi ƙasar Hausa. Innarka har cewa ta yi ko ango bai kai ni rawar kai ba. To ina ruwana! Yaron da na goyo a kafaɗa muka keto Sudan, yau shi ne zai raka dattijo mai ƙafa ɗaya tun daga Ɗakin Allah har ƙofar gidansa a ƙasar Zazzau. Za ka ga damina ta gaske, za ka ci tuwon sabuwar dawa, za ka ji Hausa wadda ba a tsarma mata Larabcin "yalla" da "ɗayyib". Su ma za su sha dariyar taka Hausar, ka shirya.

Amma akwai abin da ya tsaya tsakanina da kai, kuma ba zan bari ka haye ruwa da shi ba. Tun kana ƙarami nake ba ku labarin yaƙin Bama, ina cewa abokina Tanko a hannuna ya cika. Sai ga Tanko bana ya dogaro sandarsa har ƙofar gidanmu yana sallama. Ranar ka dube ni ka ce, "Baba, ba shi ne ka ce ya rasu ba?" Na daka maka tsawa na ce ka je ka kawo ruwa. Tun daga ranar ba ka ƙara haɗa ido da ni ba in ana hirar soja, kuma na lura. Kana da gaskiya. Ƙarya na yi maka. Tanko bai cika a hannuna ba, ajiye shi na yi a daji da ransa na gudu. Karanta har ƙarshe kafin ka yanke wa ubanka hukunci, don kurakuraina zan jera maka, ka ɗebi abin da zai amfane ka.

Na farko, yadda na shiga soja. Ba wanda ya kama ni, ba wanda ya tilasta mini. Na kai gyaɗa kasuwa ne na ga ana fareti, ga kaki ya sha guga, ga ganga, ga ƙaho, sai kaina ya ɗau zafi. Na bar jakina a hannun maƙwabcinmu na bi su. Kana cikin zanen goyo a lokacin. Ban yi wa innarka sallama ba, ban durƙusa gaban tsohuwata ba, don na san za ta hana. Sanda na dawo, kabarinta aka nuna mini. Kai ka fi ni sa'a, ka fita da albarkar uwa da ta uba. To ka riƙe ta da takarda. Duk garin da kuka yada zango, in ka ga mai tahowa wajen nan, ka rubuto ko layi biyu ne. Innarka ba za ta ce maka tana jira ba, amma kullum tana bakin ƙofa.

A bariki na haɗu da Tanko. Ya girme ni da 'yan shekaru, gajere ne mai faɗin ƙirji, ya yi karatun allo sosai, ga baki kamar reza. Ni ina zaton bindiga za a ba ni in yi ta harbi. Ina! Bature ya dubi tsawona da kafaɗuna ya ce wannan na ɗaukar masu rauni ne. Aka ba mu gado, zane mai kauri da sanduna biyu, aka ce ni da Tanko. Duk yaƙin nan ban harbi ko kaza ba, Haruna. Labarin da na taɓa ba ku na Jafan bakwai da na kora ni kaɗai, ka zubar da shi a tekun nan da kake kai.

Mutum na farko da muka ɗauka a dajin Bama wani Bazabarme ne, harsashi ya fasa masa ƙugu. Ni ina baya, Tanko yana gaba. Sai na shiga taku irin na fareti, hagu, dama, hagu, dama, ƙafata daidai da ta Tanko, wai ni ga soja. Gadon ya shiga lilo, bawan Allah yana ihu yana kiran uwarsa. Tanko ya waiwayo ya ce, "Kai Dogo, wa kake yi wa fareti a nan, birai? Saɓa ƙafa! In na jefa hagu ka jefa dama." Ina saɓawa sai gadon ya daidaita, mutumin ya yi shiru. Ka ga sirrin sana'ata ke nan. In ka ji tsofaffin alhazai suna cewa a kira musu Audu mai shibriyya don gadonsa ba ya girgiza a ɗawafi, to ba ni na ƙago ba, karatun Tanko ne. Abin da nake so ka ɗauka shi ne, wanda ke kan gadon shi ke da tafiyar, ba mai ɗauka ba. Kai matashi ne, ga ƙafa ga zumuɗi. Alhaji Tanko kuwa sanda yake dogarawa, kuma girman kai ba zai bar shi ya ce ya gaji ba. In ka ga jijiyar wuyansa ta tashi, ka ce kai ne ka gaji, ku zauna. A jirgin ƙasa ka sama masa gefen taga. A babbar mota kada ka yarda a ɗora shi saman kaya, ka yi rigima in ta kama. Dungun ƙafar kuma a wanke shi da ruwan ɗumi kullum a shafa mai, ko yana zaginka. Zai zage ka, ni shaida ne.

Yanzu ga kuskuren da sai Bahaushe zai yi shi. Kai a Makka ka yi wayo, ka saba ganin sahu ya zagaye Ka'aba kamar zobe, duk inda ka tsaya ka kalle ta shi ke nan. Mu a gida ba haka muka tashi ba. Alƙibla a wurinmu gabas ce, inda rana take fitowa, tun kakanni. Can muke kallo mu yi salla, can muke juya dabba mu yanka, can muke juya fuskar mai cikawa. To da jirgin ruwa ya kwashe mu daga Ikko ya yi makonni yana tafiya ya sauke mu a ƙasar Indiya, sai muka sauka da gabas ɗinmu a ka. Asuba ta yi, muka jeru muka fuskanci fitowar rana. Tanko kaɗai ya tsaya yana kallon wasu sojojin Indiya Musulmi da ke salla sun ba mu baya. Ya je ya yi musu maganar kurame da hannu, ya dawo yana tafa hannuwa.

"Jama'a, mun wuce Makka!" in ji shi. "Tana bayanmu. Nan yamma ake kallo."

Tabɗi! Ranar an kusa ba hammata iska. Ni ne kan gaba wajen musu. Na ce masa ubana gabas ya kalla, kakana gabas ya kalla, ba wani mai cin barkono da zai juya ni. Tanko ya tsuguna ya ajiye dutse a ƙasa ya ce ga Ka'aba, ya sa tsinke a nan ya ce ga Kano, ya sa wani a can ya ce ga mu. Kowa ya gane ya juya. Ni ma na juya don kunya, amma zuciyata ba ta juya ba. In ina salla ni kaɗai a bayan gora, sai in saci jiki in koma gabas ɗina. Sau biyu yana kama ni. Ya ce, "Dogo, kan nan naka ko rodi aka sa ba zai lanƙwasu ba." Don haka, ɗana, duk garin da ka sauka, kafin ka shimfiɗa buzu ka tambayi mutanen garin. Kada ka ce kai ɗan Makka ne ka fi su sani. Ba a alƙibla kaɗai ba, har gaisuwa da cin abinci da shiga gidan mutane.

To ga babban. Zan rubuta shi yadda ya faru.

Wata safiya aka yi mana kwanton ɓauna a kan wani tudu mai dajin gora. Muna sauka da gado babu kowa a kai, za mu ɗauko wani, sai wuta ta buɗe. Tanko ya faɗi, cinyarsa ta dagargaje. Na ɗaure masa da ƙyallen wuyana, na saɓa shi a kafaɗa na yi ta kutsawa. Jini ya jiƙa mini baya har cikin takalmi. Na yi tafiya mai dama da shi, Allah Ya sani. Sai na ji maganarsu, Jafan, kusa ƙwarai, ina jin karyewar gora a ƙarƙashin ƙafarsu. Tanko ya daina nishi, idonsa a rufe, jikinsa ya saki. Ban sa kunne a ƙirjinsa ba, Haruna. Ni da aikina ke nan, ni da aka koya wa taɓa jijiyar wuya, ban taɓa ba, domin ina tsoron in ji tana bugawa. Na ce wa kaina ai ya tafi. Na kwantar da shi a gefen dama a bakin gangare, na ɗaga kai na ga inda rana ta ɓullo ta cikin ganye, na juya fuskarsa can, na yi masa kalmar shahada a kunne, na zura da gudu. Da na isa wurin saje na ce Tanko ya cika a hannuna. Washegari aka tura mu wani kogi daban, ban ƙara jin ɗuriyarsa ba.

Tsoro ba abin kunya ba ne, na ga manyan maza sun jiƙa wando a dajin nan. Abin kunyar shi ne ƙaryar da na yi wa kaina don in sami hanyar gudu, da wadda na yi ta maimaitawa har ta zauna mini a baki. In wata rana ka kasa, ka ce na kasa. Ka faɗa a ranar, tun abin bai yi jijiya ba.

Ƙaryar nan ce ta taso mu daga gida. Mutane suna cewa Audu son ibada ne ya kai shi Makka, alhali nauyi ne ya koro ni. Bayan na sauke faralina, hajji uku na yi wa Tanko. Uku! In tsaya a Arfa in ce Allah wannan na bawanKa Tanko ne, marigayi, in yi ta kuka har alhazai suna ba ni haƙuri. Ban taɓa tare wani Bazazzagi na tambaye shi labarin gidansu ba, ga su nan suna zuwa duk shekara, wasu ma a kaina suke ɗawafi. Tambaya ɗaya da ta raba ni da wahalar shekaru. Shi kuwa Tanko da ya tashi zuwa, tambaya ya yi ta yi tun daga Jidda, ina wani dogon tsohon soja mai ɗaukar mutane, har aka nuna masa Jarwal.

Ka ga yadda ya rungume ni a ƙofar gida. Ka ga yadda na ɗauke shi a shibriyya ni da abokan aikina uku, ina gaba ina ihu "hashab, hashab" wato ga katako nan a ba mu hanya, har muryata ta dushe. Abin da ba ka gani ba shi ne cikina. Kwana ashirin mutumin nan yana cin abinci a akushi ɗaya da ni, yana ba da labarin barikinmu, yana tsokanar innarka, bai ce uffan a kan tudun nan ba. Na ce ko dai a sume yake bai san abin da ya faru ba? In haka ne in yi shiru mana. Shaiɗan ya yi ta kaɗa mini wannan gangar.

Ranar ƙarshe a Mina, bayan mun dawo daga jifa da azahar, kai ka tafi ɗebo ruwa, muka rage mu biyu a inuwar tanti. Ban san sanda na zube a gabansa ba. Na ce, "Tanko, da ranka na ajiye ka. Ban duba ba. Gudu na yi, na kuma ce ka mutu. Ka yi mini abin da ka ga dama."

Ya dube ni yana sosa dungun ƙafarsa. Can ya ce, "Sai yau? Na zaci sai na hau jirgi za ka biyo ni da iyo."

Na ce, "Ashe ka sani?"

Ya ce, "Idona ne a rufe, Dogo, ba kunnena ba. Ina jin kalmar da ka yi mini, ina jin ƙarar takalminka. Wallahi ban ji haushin gudun ba, ni ma da na sami ƙafa da na bi ka. Na riga na sallama, na ce to Tanko, nan ne. Sai na buɗe ido don in yi wa duniya kallon ƙarshe, me zan gani? Rana tsakiyar idona! Na ce la'ila, ɗan banzan nan gabas ya juya ni! Duk bakin da na ɓata, da dutsena da tsinkena, ashe a banza. Ya sa na ba Ka'aba baya zan mutu!"

Haruna, ina kuka, sai na ji dariya tana neman ƙwace mini.

Ya ce, "Zuciya ta ɗebe ni. Na ce wallahi ba zan cika a haka ba, ko don kada Dogo ya ci musu. Na tattara ɗan ƙarfin da ya rage na yunƙura in juya yamma. Ina juyawa sai gangare ya karɓe ni, na yi ta mirginawa kamar buhun gero har bakin rafi. To hanyar alfadarai ce a wurin. Kafin azahar wasu Indiyawa masu kai kaya suka tsince ni. Da ka kwantar da ni daidai, da na yi lamo na mutu cikin natsuwa, ƙasusuwana suna can har yau. Taurin kanka ne ya tashe ni."

Muka rungume juna muna dariya muna kuka, har wani Bature Musulmi da ke tantin kusa ya leƙo yana tambayar ko rana ce ta taɓa mu. Da na faɗa wa Tanko zancen hajji uku kuwa, sai da ya riƙe ciki. Ya ce ashe duk ƙauyensu ba wanda ya kai shi yawan hajji shi bai sani ba, ga shi yana ta yi wa limaminsu ladabi.

Na ce, "Ka yafe mini?"

Ya ce, "Na yafe tun a gadon asibiti, amma ban so in faɗa ba sai ka tambaya, don in na riga ka, ba za ka taɓa sauke kayan ba. Sai dai aikinka bai ƙare ba. An ce ka kai ni wurin da zan tsira, ka ajiye ni a tsakiyar hanya. Ƙanena da muka zo tare zai zauna karatu. Gwiwoyinka kuma na ji ƙararsu a ɗawafi, ba za su kai Zazzau ba. Ba ni yaron nan ya ƙarasa."

Ka ji dalilin tafiyarka. Ba don ka iya Larabcin jami'an tasha ba ne kaɗai, kamar yadda muka ce maka. Ɗaya bakin gadon da na saki a kan tudun nan shi na miƙa maka. Ni da kaina ban taɓa jin jikina sakayau kamar kwanakin nan ba. Shekaranjiya na ɗauki wata tsohuwa 'yar Masar mai nauyin mutum biyu, wallahi kamar auduga na ji ta.

Saura kai. Shi ya yafe, Allah kuma ina sa rai. Kai ne na yi wa ƙarya tun kana zaune a cinyata, kai ne na yi wa tsawa ranar da ka faɗi gaskiya. Ka yafe wa ubanka, Haruna. In ka yafe, ba sai ka yi dogon bayani ba. A takardarka ta farko ka rubuta mini cewa kun isa kuma ba ka ajiye shi ba sai a kan tabarmar zaurensa. In na ga wannan layin zan gane.

Yanzu ninke takardar ka je ka duba Tanko, na san yana can a gefen jirgi yana koya wa matuƙa aikinsu. In lokacin salla ya yi a tsakiyar teku kada ka yi musu da shi, duk inda ya ce a kalla, kalli can.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya kare ku daga sharrin ruwa da na hanya da na mutum. Allah Ya sa ka gama da duniya lafiya, Ya ba ka 'ya'yan da za su ɗauke ka ba su gaji ba. In ka je garinmu ka nemi kabarin kakarka, ka durƙusa ka yi mata sallamar da ban yi ba. Allah Ya maido mana da kai muna raye.

Wassalamu.

Mahaifinka,
Audu Dogo